Ma'aunin zafi na firizar yogot da kullu: tambayoyi da amsoshi

Masu haɗa yogot a gida da masu burodin da ke son kullunsu ya tashi a tsanake sun gano amfanin firizar kwance, mai murfi a sama. Bangonta na da kauri, tana riƙe sanyi, tana kuma riƙe ɗumi. In aka haɗa mata na'urar da ke kunna ta tana kashe ta, aka saka ƙaramin hita ko ƙwan lantarki a ciki, sai ta koma ɗakin tsimi da zafinsa ke tsayawa inda aka ajiye shi. Amma dukan aikin ya rataya ne a kan abin da ma'auni ya ce. In ya yi ƙarya, na'urar za ta bi ƙaryar sau da ƙafa, madara ta lalace, mai ita kuma ya ɗora wa irin yogot laifi.

Me ya sa duk bayanin da na samu a intanet na masu dafa giya ne?

Domin su suka yaɗa dabarar. A Amurka, tun da Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta yarje wa mutum dafa giyarsa a gida, sana'ar ta bunƙasa, kasuwar kayan aikinta ma ta buɗe. Yis ɗinsu yana da tsirfa: wani nau'in yana son digiri 18 zuwa 21, wani kuma 8 zuwa 13, na tsawon makonni. Irin na'urorin da ke shigo mana, su ma da su suke aiki a can.

Kayan aikin ɗaya ne, lambobin ne ba ɗaya ba. Yogot yana kamawa ne a digiri 42 zuwa 45. Kullun burodi yana tashi da kyau wajen 24 zuwa 27, wanda za a kwanar kuma ana ajiye shi a 3 zuwa 5. Sannan Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke lissafi. In ka ga sun rubuta 110 a girkin yogot, digiri 43 ke nan a Salsiyos ɗin da muke amfani da shi. Duk sauran lambobin zafi da ke wannan shafi na Salsiyos ne.

Ai firizar tana da abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 7. Bai isa ba?

Waɗannan lambobin ba digiri ba ne, matakan ƙarfi ne kawai. An ƙera firiza don ta riƙe kaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ko a mafi ƙanƙantar lamba ma daskarar da kullunka za ta yi. Dole sai da na'urar daidaita zafi ta waje, wadda ake jona firizar a jikinta.

In na sayi na'urar daidaita zafi, tana da allon da ke nuna digiri. Sai na ƙara sayen wani ma'aunin?

E, kuma wannan ce shawarar da aka fi ƙi ji. Na'urar ba ta iya ba da shaida a kan kanta. In bakin wayarta, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafi, ya karkace da digiri biyu, allon zai ci gaba da nuna 43.0 cikin natsuwa alhali madarar tana 41 ko 45. Sai da ma'auni na biyu, mai zaman kansa, za a gane. Na'urar ita ke tuƙi, na biyun shi ke sa mata ido. In kuɗi bai kai a sayi masu kyau biyu ba, a sayi na'ura mai sauƙin kuɗi, a zuba kuɗin a ma'aunin hannu mai tsinken ƙarfe. Shi ne zai yi aiki a kan tukunya lokacin dafa madara, ya yi a firiza, ya yi a firij.

Nawa yana nuna har da ɗigo, kamar 43.2. Wannan ba alamar inganci ba ce?

Ba ita ba ce. Iya nuna ɗigo daban, faɗin gaskiya daban. Ɗauki na'urar daidaita zafi ta STC-1000, wadda ake samu a shagunan kayan firij. Allonta yana motsi da kashi ɗaya cikin goma na digiri, amma takardar da ke cikin kwalinta ta faɗa ƙarara cewa tana iya kuskure da digiri ɗaya sama ko ƙasa. Inkbird ITC-308, wadda ke zuwa da soket a haɗe, ita ma digiri ɗaya ta yi alkawari. Wato in ta ce 43.2, gaskiyar tana tsakanin 42.2 da 44.2. Ɗigon yana da amfaninsa, yana nuna maka ko zafi hawa yake ko sauka. Amma in za ka saya, alamar ± za ka nema a jikin kwali, ba yawan lambobin allo ba. Kwalin da bai rubuta ta ba, akwai dalilin shirunsa.

Kuskuren digiri ɗaya ko biyu har ya kai a damu?

Ya danganta da abin da ke cikin firizar. Ƙwayoyin yogot iri biyu ne, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, kuma zafi ne ke raba musu aiki. In ya yi ƙasa da 40, aikin yana ja, awa biyar ta koma takwas ko goma. In ya haura, tsami yana yi wa madarar rubdugu, ruwa ya ware a sama, jikin yogot ɗin ya yi gudaji-gudaji. Daga 50 zuwa sama kuwa ƙwayoyin mutuwa suke fara yi. Saboda haka digiri ɗaya ba ya kashe yogot in ka saita a 43, tunda akwai sarari ta kowane gefe. Uku ne ke jawo asara.

Inda digiri ɗaya ke da nauyi shi ne ɓangaren sanyi. Tsakanin daskarewa da digiri 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce, tazarar ba ta da yawa. Mai sayar da yogot da ma'auninsa ke cewa 4 alhali 7 ne, kayansa za su ci gaba da tsami a roba, abokan ciniki su fara cewa hannunsa ya canja.

To wane iri zan saya?

Na lantarki mai waya doguwa da baki na ƙarfe. Dalili mai sauƙi ne: allon yana waje, bakin yana ciki, ba sai an ɗaga murfi ba. Duk ɗagawa ɗaya tana sauya iskar ciki, sai ka karanta zafin ɗakinka maimakon na firizar.

A cikin masu wayar ma akwai hawa-hawa, gwargwadon abin da ke ɓoye a bakin. Mafi yawa suna da ɗan ƙwayar da ake kira NTC, ita ce a STC-1000 da ƙananan nan masu batirin agogo da ake liƙawa a firij. Ba ta da laifi in an gwada ta an gyara. DS18B20, wadda masu haɗa ƙananan na'urorin lantarki da kansu suka sani, kuskurenta bai wuce rabin digiri ba daga 10 ƙasa da sifili har 85, muddin ta asali ce, don jabunta sun yi yawa. PT100 ta fi su duka tsayuwa: mai daraja A kuskurenta 0.15 ne a sifili, mai daraja B 0.3. Ita ake gani a masana'antun madara, kuma ga mai roba biyu-uku a gida ta wuce buƙata. Wayar nan siririya mai lamba K da ke zuwa da mitar masu gyaran wuta an yi ta ne don tanda da injin da ke kai ɗaruruwan digiri. Ƙa'idarta ta yarda da kuskuren fiye da digiri biyu, don haka ba ta wannan aikin ba ce.

Mai allura kamar agogo ba ya cin batir, shi ne kyansa, amma yana da nauyin jiki wajen motsi, kuma in ya faɗi ƙasa sau ɗaya saitinsa na iya tafiya. Wasu suna da goro a baya da ake murɗawa a dawo da allurar. Na gilashi mai jan ruwa yana faɗin gaskiya daidai gwargwado, sai dai dole a buɗe murfi kafin a karanta. Mai ruwan azurfa a ciki, wato makuri, kada ya kusanci abinci ko kaɗan. In ya fashe a firiza, guba ce, kuma ɗigonsa yana shiga lungunan da ba a iya kwashewa.

Bindigar auna zafin da muka saya lokacin korona fa?

An saita ta ne don fatar goshi, tsakanin digiri talatin da wani abu zuwa arba'in da kaɗan. Ko manyan da masu gyaran inji ke riƙewa, saman abu kawai suke gani. In ka harba a jikin tukunyar silba mai ƙyalli, lambar da za ta ba ka shirme ce, domin ƙarfe mai ƙyalli yana mayar da zafin abin da ke kewaye da shi ne maimakon ya nuna nasa. Za ta iya gaya maka wane lungun firiza ya fi sanyi. Abin da ke tsakiyar bokitin madara ba ta san shi ba.

Yaya zan gane ko nawa yana faɗin gaskiya?

Da ƙanƙara da ruwa. Ƙanƙarar da ke narkewa a ruwa mai tsabta tana tsayawa a digiri sifili cif, a Kano ko a Landan, kuma babu abin da za ka biya. Amma yawancin masu gwajin suna ɓata shi.

Ɗauko ledar fiya wata guda biyu da suka daskare, ka naɗe su a tsumma mai tsabta, ka farfasa da taɓarya har su zama tsakuwa-tsakuwa. Cika kofi mai zurfi da su har baki. Sannan ka zuba ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, iya wanda zai cike ramukan da ke tsakani, ka tsaya kafin ƙanƙarar ta taso. Wannan shi ne wurin da ake faɗuwa. In ƙanƙarar tana yawo a sama, ruwan da ke gindin kofin zai iya kai digiri 3 ko 4, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4, can ƙasa yake taruwa. In kuma ba ka zuba ruwa ba sam, ƙanƙarar da ta fito daga firiza ta fi sifili sanyi nesa ba kusa ba. Juya, ka ba shi minti biyu zuwa uku. Tsoma bakin ma'aunin a tsakiya, kada ya taɓa gindi ko gefe, kana ɗan juyawa a hankali har lambar ta daina motsi. Abin da ya nuna, shi ne kuskurensa. In ya ce 0.8, yana ƙara 0.8. Ƙanƙarar zoɓo ko ta lemo ba ta yi, sukari da gishiri suna sauke ma'aunin narkewa.

In kana da ma'auni uku, ɗaure bakunansu wuri ɗaya da roba ka tsoma su tare. Mutane kan sha mamakin yadda uku da aka saya a shago ɗaya rana ɗaya ke ba da labari uku.

Na gwada a tafasasshen ruwa a Jos, ya nuna 96. Ya lalace ke nan?

Lafiyarsa ƙalau. Ruwa yana tafasa a 100 ne a bakin teku, kamar Legas. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. Jos tana wajen mita 1,200, don haka 96 shi ne daidai. A Kano da Zinder, da ba su kai mita 500 ba, ka sa ran 98 da ɗoriya. A Yamai 99 da ɗan wani abu. Wanda ya murɗa ma'auninsa ya koma 100 a Jos, da hannunsa ya saka masa kuskuren digiri huɗu. Kuma a duba kwali tukuna: ƙananan ma'aunan firij da yawa iyakarsu 70, ledar wayarsu ba ta jure tafasasshen ruwa.

Sifili da tafasa duk sun yi nisa da 43 da nake aiki a kai. Babu gwaji a nan kusa?

Akwai, kuma yana cikin durowar magani. Ma'aunin zazzaɓi na lantarki, wanda ake sakawa a hammata, an ƙera shi ya yi daidai har kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri, amma a ɗan tsakanin 35 da 42 kaɗai. Zuba ruwa mai ɗumi a filas, ka surka har ya zo wajen 40, ka juya sosai. Tsoma na zazzaɓin da naka tare, baki kusa da baki. Bambancin da ka gani shi ne gyaran da ya dace da yogot. A ware sabo don wannan aikin, ba wanda ake auna yara da shi ba.

Wannan gwajin ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kuskuren NTC ba ya tafiya bai ɗaya. Tana iya yin daidai a sifili ta kauce da digiri ɗaya a 43. Mai kwanar da kullu a sanyi ya dogara da gwajin ƙanƙara, mai yogot ya dogara da na filas.

Na gano kuskuren. Ina zan gyara?

A STC-1000 saiti huɗu ne. F1 zafin da kake so, F2 tazarar da za a bari kafin na'urar ta motsa, F3 mintocin hutun kwampreso, F4 gyaran kuskure. In tana ƙara 0.8, ka sa F4 a 0.8 ƙasa da sifili. A Inkbird wurin gyaran CA aka rubuta. Ma'aunin da ba shi da wurin gyara, rubuta kuskuren a farar takarda ka liƙa a bayansa da kwanan wata.

A ina zan ajiye bakin wayar a cikin firizar?

Wannan tambayar ta fi ta wane iri zan saya nauyi. Ma'auni mai tsada da aka rataye a wurin da bai dace ba, mai arha da aka liƙa daidai ya fi shi.

In ka bar bakin yana lilo a iska, iska kake aunawa. Iska tana ɗumama nan da nan ta huce nan da nan, lita ashirin ta madara kuwa sai ta ɗauki awanni. Allon zai nuna 43 alhali madarar da ka zuba tana 38. Ga kullu abin ya sha bamban: yis yana fitar da zafinsa da kansa, tsakiyar babban ƙwaɓi ya fi iskar da ke kewaye da shi ɗumi. Masu giyar can sun fi kowa sanin wannan, domin tulunsu yakan haura iskar firiza da digiri biyu zuwa biyar a kwanakin farko.

In kuma ka nutsa bakin can tsakiyar ruwa mai yawa ka jona hita ko firiza a kansa, wata matsalar ce. Kafin labari ya kai tsakiya, hitar ta daɗe tana ci, gefen bokitin ya wuce ƙima. Ban da haka, tsoma waya a madara hanya ce ta shigar da datti, kuma ba kowane baki ne ruwa ba ya ratsa shi ba.

Abin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne tsaka-tsaki. Manna bakin a jikin bokitin daga waje, a rabin tsayin madarar. Yanko soso mai kauri ko guntun farin abin nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, kamar faɗin tafin hannu, ka rufe bakin da shi, ka ɗaure da salatif ko robar taya. Soson yana tare iskar firiza, sai bakin ya ji zafin bokitin kawai. Mai ƙananan robobi da yawa ya cika guda ɗaya da ruwa mai ɗumin madarar, ya huda murfinta, ya sa bakin a ciki, ya ajiye ta a tsakiyar 'yan'uwanta.

Robobin sama suna kamawa, na ƙasa ba sa kamawa. Laifin ma'auni ne?

A'a. Sanyi ƙasa yake kwanciya, ɗumi ya hau sama, kuma tudun nan da kwampreso ke ƙarƙashinsa ya fi sauran wurin ɗumi. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 tana gauraya iskar. A ɗora robobin a kan katako ko raga, kada su zauna a kan ƙarfen ƙasa ko su jingina da bango.

Kwampreso yana ta tashi yana mutuwa. Me na yi ba daidai ba?

Ko bakin yana iska, ko tazarar F2 ta yi ƙanƙanta. In bakin yana manne da bokiti, rabin digiri ya isa. In a iska yake, ba shi ɗaya zuwa biyu. F3 kuma kai shi minti 10, iyakarsa ke nan. Kwampreson da aka tayar kafin iskar gas ɗinsa ta daidaita yana shan wahala, kuma sabon kwampreso ya ninka kuɗin na'urar sau da yawa. Kada ka damu in zafi ya ɗan ci gaba da sauka bayan firizar ta mutu, bangonta ne ke sakin sanyin da ya tara. Haka kuma in hita da firiza suna jone tare, kula kada su riƙa karɓa-karɓa, wannan ya ɗumama wancan ya sanyaya. Ga yogot, cire firizar daga soket gaba ɗaya, hita kaɗai ake buƙata, musamman a daren hunturu. A watan Afrilu kuwa, da Sakkwato da Maiduguri ke wuce 40, kullu sanyi kawai yake nema.

In huda bangon firizar in shigar da wayar?

Kada ka kuskura. Bututun gas a cikin bangon suke zagaye, ba a ganinsu, kuma sababbin firizoji da yawa da R600a suke aiki, gas mai kama wuta. Wayar siririya ce, bi da ita ta ƙarƙashin robar murfi ta ɓangaren baya, ko ta ramin zubar da ruwa.

Wuta tana ɗaukewa cikin dare. Yaya zan san abin da ya faru?

Na'urar daidaita zafi tana mutuwa tare da wutar; tana tuna saitinta, amma ba ta ba da labarin abin da ya wuce. Shi ya sa na biyun ya kamata ya zama mai batir, mai maɓallin da ke ajiye mafi tsananin zafi da mafi tsananin sanyin da aka kai. Da safe ka duba, ka share, ka fara sabon lissafi. Masu aika bayani zuwa waya ta WiFi suna da daɗi, sai dai su ma in babu wuta babu intanet shiru suke yi.

Me zan duba a shago kafin in biya?

Ƙarfin wuta da farko. STC-1000 tana zuwa da mai bolt 12, 24, 110 da 220, jikinsu iri ɗaya, sai ka karanta takardar da ke manne a sama. Masu soket a haɗe kuma a duba bakin soket ɗin: na Amurka bai dace da filogin Najeriya mai ƙafa uku ba, na Nijar kuma irin na Faransa ne. Amfiya 10 ta ishi firizar gida. STC-1000 tsirara take zuwa, sai an haɗa mata wayoyi, wannan aikin mai gyaran wuta ne. Tambayi mai shagon ko yana sayar da bakin waya daban, domin shi ke fara mutuwa. Sannan ka sa ya ɗauko uku ko huɗu ya kunna su a kan kanta, ku ba su minti biyar. Wanda ya ware daga 'yan'uwansa, bar masa kayansa.

Sau nawa zan sake gwaji?

Ranar da ka saya, sannan duk bayan wata uku ga mai sana'a. A ƙara da duk lokacin da ma'aunin ya faɗi, ko aka canja baki, ko batir ya yi sanyi, ko yogot ya fara sauya hali ba tare da an canja madara ko iri ba. Firizar da ke aiki sama da sifili tana tara gumi a ciki, kuma danshin yana bin inda waya ta shiga ƙarfe. Alamarsa lamba ta riƙa tsalle, ko ta riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan kowane mako. In gyaran da kake sakawa a F4 ya wuce digiri biyu, ko kuma yana canjawa daga gwaji zuwa gwaji, sayi sabon baki mai lamba iri ɗaya da tsohon, 10K ga STC-1000, ka mayar da F4 sifili, ka sake farfasa ƙanƙara.